Sunan da Larai Ba Ta Faɗi

Larai: Salamu alaikum. Halo? Halo! Maliki na?

Maliki: Wa alaikumus salam. Wa ka magana?

Larai: Ji min yaro! Muryar yayarka ta ɓace ma? Larai ta, daga Burkusuma.

Maliki: A'a, Yaya! Yi haƙuri, lambar ta ban sani ba. Ina wuni?

Larai: Lahiya lau. Wayar maigida ta, ya bar min ita da za shi cin rani. Ina gajiya?

Maliki: Ba gajiya. Ya gida? Ya zahi?

Larai: Zahi kam lokacinai na. Ya garin Isa? Ya Kadijatu da yara?

Maliki: Dut lahiya. Ku can ko ɗan hadari?

Larai: Mi kac ce?

Maliki: Hadari! Nic ce ko kun ga hadari!

Larai: Ina hwa! Sai iska mai zahi. An hita roƙon ruwa har mun gaji da hita. Tsaya in hau turmi, nan kusa da rumbu sabis ka kamawa. Yauwa. Kana ji na?

Maliki: Yanzu ina jin ki tas.

Larai: To ya aiki? Ya marasa lahiya?

Maliki: Da godiya. Yanzun ga munka sauke mutanen wata mota da ta kihe hanyar Shinkahi. Ko hannu ban gama wankewa ba.

Larai: Subhanallahi. Allah shi ba su lahiya. To likitanmu, da ma saƙo na anka ba ni.

Maliki: Yaya, sau nawa za ni hwaɗa? Ni ba likita na ba. Ɗakin gaggawa nika aiki, ina bin motar asibiti.

Larai: Mu dai nan likita muka ce ma. Baba Labbo ya ce gwiwatai ta hana shi ruku'u, a tambaye ka wace ƙwaya za shi saye.

Maliki: Shi bar sayen ƙwaya ga masu talla. Shi je a duba shi.

Larai: Kuma ya ce san nan nai ya bar tuƙa, shina ta zubar da miyau.

Maliki: Sa? Yanzu har shanu kunka haɗa min? Wallahi Yaya, ran Juma'a cikin sahu wani ya ɗaga min riga in ga maruru. Ko gidan biki nij je, kahin in kai loma baki wani ya buɗe min nashi bakin in duba haƙori.

Larai: To wa muka da shi in ba kai ba? Bilki ma ta ce kunnen ɗiyatta na ruwa.

Maliki: Kar ta ɗiga mata komi. Ta kai ta asibiti. Shi ke nan? Ana jira na ciki.

Larai: Shi ke nan. Sai dai... akwai wani yaro nan.

Maliki: Wane yaro?

Larai: Wani dai. Cikinai ya ɗan ɓaci.

Maliki: Ɓaci kamar ƙaƙa? Zawo?

Larai: Da amai.

Maliki: Tun yaushe?

Larai: An ɗan kwana biyu.

Maliki: Mi yac ci?

Larai: Abin da kowa ka ci.

Maliki: Mi kowa ka ci?

Larai: Anza.

Maliki: Wanza?

Larai: Anza! 'Ya'yan anza na daji!

Maliki: Innalillahi. Yaya, har kun koma ga anza? Kuma ba wanda yag gaya min?

Larai: Rumbun da nika tsaye gindinai, ko ɓera ya bar shi. Mi za mu gaya ma? Kai ma da naka iyali.

Maliki: To an jiƙa ta yadda ya kamata? Kin san yadda Inna ka yi, Allah shi jiƙanta. A jiƙa, a zubar, a sake ruwa, a yi ta yi har ɗacin shi hita dut.

Larai: Da wane ruwa, Maliki? Inna ta yi nata zamanin rijiya na da ruwa. Yanzu tun sahe mata ka bin layi cikin gulbi, a samo jarka guda, rabinta laka. In zuba ma anza ko in ba mutane su sha? Na sake mata ruwa iyakar abin da nis samu. Na ɗanɗana, da sauran ɗaci, nic ce a yi haƙuri hakanan.

Maliki: Ke kinka dahwa ke nan.

Larai: Ni na.

Maliki: Ɗan wa na, da har shika cin abincin gidanki?

Larai: Ɗan mutane.

Maliki: To. Ana dai ba shi ruwa?

Larai: Tsohuwa Abu, maƙwabciyarmu, ita ka jinyatai. Ta ce a hana shi, wai in yas sha zawon ka ƙaruwa. Sai ɗan jiƙon sabara taka lasa mai.

Maliki: A hana shi ruwa? Cikin zahin ga? Kai, kai, kai! Tun yaushe rabonai da hitsari?

Larai: Haba Maliki, ni ina za ni sanin wannan?

Maliki: Ki tambayi uwatai mana! Goyo na ko ya yi wayo?

Larai: Ya yi wayo.

Maliki: Shekara nawa?

Larai: Ya ɗan tasa. Shi ka shiga ramin rijiya cikin gulbi, shina hiddo ma mata yashi. Ranar ya dawo da yunwa, shi yac cinye mahi yawa.

Maliki: Mai haƙar rijiya kika ce ma yaro? Wa yar rage garin nan da ƙarhin shiga rami, maza dut sun tahi cin rani? Tsaya. Yaya. Jibrilla na?

Maliki: Halo? Yaya? Sabis na?

Larai: Ina jin ka.

Maliki: Jibrilla na, ɗanki?

Larai: Kai kas sani.

Maliki: La ilaha illallahu! Kin tsaya kina ba ni labarin gwiwar Baba Labbo da san Baba Labbo, ɗanki na kwance?

Larai: Kar ka yi min tsawa. Da wane baki za ni kiran ka in ce ɗana ba shi da lahiya? Ɗan hwari na. Da Inna na da rai ita ka kiran ka, ita tar rene shi. Tun da tar rasu yad dawo gidan ga, tsakanina da shi sai in aje mai akushi bakin ƙohwa.

Maliki: Na sani. Yi haƙuri, Yaya, tsoro na yas sa ni. Shina ina yanzu?

Larai: Ga shi can ƙarƙashin runhwa bisa tabarma. Ina hangen shi daga nan.

Maliki: Tsohuwa Abu hwa?

Larai: Ta tahi layin ruwa. Ba ta dawowa kusa.

Maliki: Wa ad da shi yanzu?

Larai: Ba kowa.

Maliki: Da ke. Sauko daga turmin nan ki je wurinai.

Larai: Sabis za shi tahi.

Maliki: In ya tahi ki ɗaga wayar sama. Ki je. Ni ba ni ganin shi, ke za ki zama idona. Ban san ko anzar ta ba, ko ruwan gulbin, ba a gane wannan ta waya. Abin da nis sani guda na, ruwan jikinai ka ƙarewa.

Larai: To. Ga ni... na zo.

Maliki: Kusa?

Larai: Kusa mana.

Maliki: Na san ki. Kina tsaye can nesa kina leƙe. Durƙusa. Idanunai ƙaƙa suke?

Larai: Ruhe. Sun hwaɗa ciki, Maliki. Leɓenai dut ya tsage.

Maliki: Kama hwatar cikinai da yatsa biyu, ki ja ki saki.

Larai: In taɓa shi?

Maliki: Ki taɓa shi!

Larai: Bismillahi... Na ja.

Maliki: Ta koma?

Larai: Ta tsaya hakanan, kamar tsumma. Sai a hankali taka kwantawa. Hannunai sanyi ƙalau. Mi na na? Maliki, ka gaya min gaskiya.

Maliki: Gaskiya ita ta, ƙarin ruwa shika so, yau, yanzu. Motarmu ta sake hita, kuma Isa ta yi muku nisa. Sabon Birni za ku. Ina da aboki can, da kin aje waya za ni kiran shi shi tsaya muku bakin ƙohwar asibiti. Na'Allah mai mashin na gari?

Larai: Shina nan, na ji ƙarar mashin nai ɗazu.

Maliki: Madalla. Ki leƙa ta katanga ki sa a kira shi. Kahin shi zo, akwai sukari?

Larai: Akwai ɗan na shayin maigida.

Maliki: Ruwa mai tsabta hwa?

Larai: Akwai wanda nit tahwasa don kunu, ya huce.

Maliki: Cika babbar gorar roba ta lita. Sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin cokali. Rabi, Yaya, kar ki yi min hannun miya. In shina iya haɗiya, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ku isa. In ba shi haɗiya kar ki ɗura mai, sai shi shaƙe.

Larai: Gishiri shida, sukari...

Maliki: A'a! Sukari shida! Gishiri rabi!

Larai: Sukari shida, gishiri rabi. Na riƙe.

Maliki: Sannan ba shi iya zama bisa mashin shi kaɗai. A sa shi tsakiya, wani shi zauna baya shi rungume shi.

Larai: Wa? Baba Labbo ko tahiya ba shi yi.

Maliki: Ke.

Larai: Ni? In rungume shi, mu ratsa tsakiyar gari, gaban masallaci, gaban masu shayi? Yau kasuwa ma ka ci! Maliki, har in mutu ana ba da labarina. Matan da munka yi wasan gaɗa tare su ce Larai ta zubar da kunya da girmanta.

Maliki: Su ce.

Larai: Kai namiji na, kuma ka zama ɗan boko, ba ka san...

Maliki: Na sani, Yaya, ciki guda munka hito. Amma bari in gaya miki abin da nika gani wurin aikin ga. Ana kawo muna su bisa amalanke, samari ƙarhahwa, an jira, an jira. In nemi jijiya in sa ruwa, babu jijiya, ta ɓace. Uwar tana can waje bayan katanga ta juya baya, kunya ta hana ta shigowa. Sai an ja mayahi sannan taka hwaɗuwa ƙasa. Ni ka hita in gaya musu. Kullum ni. Ba ni iya gaya miki, Yaya. Wallahi ba ni iyawa.

Larai: Ka bari. Ka bari hakanan.

Maliki: To ki tashi.

Larai: Ka ɗauka ban damu ba? Kullum in za shi gulbi sai na laɓe jikin darni ina kallon bayanai har shi ɓace. Ranar da niz zuba anzar ga, ni niƙ ƙara mai cikin akushi daga rabona, don na ga ya rame. Da hannuna, Maliki.

Maliki: Yunwa kinka so ki kore mai. Ba wanda za shi kama ki da wannan. Yanzu gwada min abu guda, ina so in san ko shina ji. Tashe shi.

Larai: Kai. Kai! Kai yaro, tashi. Wannan! ... Bai motsa ba.

Maliki: Numhwashi hwa?

Larai: Shina yi, sama-sama.

Maliki: Kira sunanai.

Larai: Maliki...

Maliki: Mutum in ya yi nisa, sunanai shika ji. Haka muka yi nan. Kira shi.

Larai: Ban taɓa ba. Ko ran suna ban hwaɗe shi ba.

Maliki: Ba kowa gidan, daga ke sai shi. Ni ma ki ɗauka ba ni ji.

Larai: Wayar ta yi wani ƙara, wata mata na magana ciki.

Maliki: Katinki ka ƙarewa. Bar ta, ni za ni kira. Yi sauri!

Larai: Ji... Jibrilla.

Maliki: Da ƙarhi. Kusa da kunnenai.

Larai: Jibrilla! Jibrilla, buɗe ido! ... Maliki! Ya buɗe! Ya buɗe, shina kallo na!

Maliki: Alhamdu lillahi! Tallabi kainai bisa cinyarki. Shina magana?

Larai: Leɓenai na motsi. Tsaya... Wayyo Allah.

Maliki: Mi yac ce?

Larai: Ya ce Inna. Shi da ka ce min Yaya tun shina rarrahe. Ya ɗauka marigayiya ta ka kiran shi.

Maliki: Ki amsa.

Larai: Ba ni shika nuhi ba, Maliki.

Maliki: Ki amsa mai, Yaya!

Larai: Na'am. Na'am, Jibrilla, ga ni. Ga ni nan, ɗana. Na'Allah! Ku kira min Na'Allah shi kawo mashin! Ni za ni riƙe...

Maliki: Halo? Yaya? Halo!