Laifin Amsa Sallama

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Oga, mai wannan maɗaba'a kuma shugaban zaman nan, Hajiya Akanta, Injiniya mai kula da kwamfutocinmu, Baba Maigadi, yayyena masu injin buga kati, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da aka bar ni na yi magana kafin a yanke ko zan ci gaba da aiki. Ni ce sabuwar da aka ajiye a teburin bakin ƙofa, ina duba saƙonnin imel. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da bakina.

Na farko, ranar da na fara Oga ya ce, "Ke, duk wanda ya rubuto ki amsa masa." Na ce to. Dama Inna ta ce amsa sallama wajibi ne. Na tarar da wani wuri a cikin imel ɗin wai kwandon shara, cike da saƙonnin mutane, kowa da gaisuwarsa, ba mai kula su. Wallahi sai da suka ba ni tausayi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Har da wata baiwar Allah da mijinta janar ya rasu, na yi mata ta'aziyya.

Na biyu, ashe akwai rariya a ciki mai tace saƙo. Ashe kuma rariyar nan, duk wanda aka taɓa amsa wa sau ɗaya, shi ke nan ya zama ɗan gida, ba ta ƙara tambayarsa. Na tambayi Injiniya wa ya kunna wannan, ya ce, "Ƙanwata, ba wanda ya kunna, a kunne ya zo." To wa ya kashe? Ba kowa. An bar shi ne don bara saƙon wani babban kwastoma ya faɗa shara, aiki ya wuce mu, Oga ya yi faɗa har injin ya yi shiru. Idan an tsananta, baƙon kirki ya kwana a waje. Idan an sassauta, kura ta kwana a ɗaka. Ni dai ban san wanne ya fi ba, ku ne masu ilimi.

Na uku, matar janar ta dawo da saƙo, wannan karon kai tsaye, ba ta bi ta shara ba. Wani babba a cikinmu ya danna abin da ta turo. Ba zan faɗi suna ba, ranka ya daɗe. Kwamfuta ta kulle, katunan auren mutane na ciki, iyayen amare na zarya a bakin ƙofa, ni ce mai ba su haƙuri.

Baba Maigadi, don Allah, wanda ka amsa wa sallama jiya, yau in ya zo da buhu a kafaɗa, ba ka leƙawa? Na ga kana leƙa jakata kullum, kuma ban ji haushi ba.

Saboda haka roƙona, a koya wa rariya leƙa buhu, ni kuma a koya mini waɗanda ba a amsa wa. In kuwa korata za a yi, to a yi a hankali wajen ɗaukar wata, don duk 'yar mutunci za ta amsa gaisuwa. Sai dai a sa a talla: ana neman marar tarbiyya.

Allah ya buɗe mana kwamfuta kafin ranar ɗaurin aure, ya sanyaya zuciyar Oga, ya mai da kowa gida lafiya, ni kuma ya dawo da ni gobe. Na gode.