Firiza a Tsaye

Ina zaune kan buhun masarata a tashar Sokodé, ina jiran motar Dapaong, sai na ji wata mata da direba suna ja-in-ja kan wata doguwar firiza.

"Hajiya, kwantar da ita za mu yi."

"Ba za ta kwanta ba. Wanda ya sayar mini ya ce in ta kwanta, man injin zai gangara cikin bututu, shi ke nan, ba sauran ƙanƙara."

"Surutu ne kawai. A tsaye wurin buhu huɗu za ta ci."

"Zan biya wurin. Da ita 'yata za ta fara sayar da zoɓo mai sanyi. Kai me ya dame ka sai ta kwanta?"

"Haba Hajiya! A watan nan kaɗai uku na kai a kwance."

"Suna lafiya?"

"Jiya ma na gan su da idona."

"Duka ukun? A ina?"

"A shagon ƙanena, bayan babbar kasuwa."

"Wace sana'a ƙanen naka yake yi?"

Direba ya sosa ƙeya. "Gyaran firiza."

"Kwance igiyarka, ɗan nan. Zan jira wata motar."