Shayin Mijin Farzana

A wani asibiti a Lahore, Farzana na jiran fitowar mijinta, sai wani mutum mai shanyayyen hannu ya zauna kusa da ita.

"Baji," ya ce mata, wato yaya, "mijinki ma allurar furotin ɗin nan ake masa ta gwaji, mai farfaɗo da jijiya?"

"Ita ce. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya daina magana, kunnena ya huta da mita."

"To me ya kawo ku? An ce rabinmu ma ruwan gishiri ake ɗirka mana."

"Tasa dai ta gaske ce. Jiya ya kurɓi shayi, ya yamutsa fuska, ya ce, 'Zaƙi.'"

Mutumin ya yi dariya. "Sai kika rage sukarin?"

Farzana ta share ido da gefen mayafi. "Yau ƙarawa na yi."