Daga Hanyar Dirkou zuwa Ramin Dutse

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin magajin gari, malamanmu na cibiyar koyon tuƙin manyan injuna, iyayenmu maza da mata, da ku ƙannenmu da kuka karɓi difilom, wato takardar shaidar kammala koyo, yau, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Sunana Mourtala Seydou, ɗan unguwar Dagmanet, mai tuƙa injin kwasar dutse. An ce in yi wa sababbin direbobi nasiha, amma abin da ke bakina godiya ce.

Da farko ina gode wa Baba Tanko, ga shi can zaune. Ni direban hanyar Dirkou ne a da, can cikin hamada. Da aikin ya tsaya, na koma zaman kashe wando har na fara jin kunyar haɗa ido da ƴaƴana. Na je ramin fasa dutse neman ko da aikin dako ne. Baba Tanko, babban direban wurin, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanda ya san halin rairayi zai san halin dutse. Hau nan kusa da ni." Ya koya mini tuƙin injin da haƙuri, ya koya mini da faɗa, bai gaji da ni ba.

Na biyu, ina gode wa wannan sana'a kanta. Da daminar da ta wuce, ranar wata Juma'a da hantsi, ruwa ya sauko daga tsaunuka, itatuwa da laka suka toshe magudanar unguwarmu, ruwa ya fara cin gindin katangu. Maƙwabciyata Hajiya Maimuna ta kira ni tana kuka: "Mourtala, tsohuwata ba ta iya tafiya, ruwa ya shigo zaure!" Na faɗa wa shugaban aikinmu, ya ce, "Ɗauki injin, kada ka tsaya tambaya." Na shiga ruwa har rabin taya, ina kwasa ina zubarwa, har hanya ta buɗe, ruwa ya bi inda ya saba. Gidaje sun jiƙe, wasu ɗakuna sun zube, amma ba mu yi jana'izar kowa ba.

Ƙannena, aikin nan akwai ƙura, akwai zafi, akwai haɗari. Ku rufe hancinku, ku sa hular kwano, kada ku juya inji sai kun ga inda kowane mutum yake tsaye. Ke kuma Ramata, mace ta farko da ta fito daga cibiyar nan, kujera na jiran ki a wurinmu ranar Litinin, ni zan miƙa miki makulli da hannuna.

Allah Ya tsare ku daga faɗowar dutse, Ya sa albarka a guminku, Ya ƙara wa malamanmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.