Ciwon Maƙwabci

A tashar Garoua, ana jiran motar Kaélé ta cika, wani dattijo mai fataucin shanu ya daɗe yana satar kallon matar da ke kusa da shi kafin ya yi magana.

"Madam, ba ke ce nas ɗin asibitin unguwarmu ba?"

"Ni ce, Baba."

"Maƙwabcina Saleh ya kwanta wajenku. Me ke damunsa?"

"Ka tambaye shi da kanka."

"Haba 'yata, tsakaninmu ne kawai."

"Baba, ko matarsa ce ta zo, sai da izininsa."

Dattijon ya sauke ajiyar zuciya, ya rage murya.

"Alhamdulillahi. Wata uku ke nan ina fitsari da jini. Tsoron kada gari ya ɗauka ne ya hana ni zuwa."

"Wata uku! Ka zo ranar Litinin da safe likita ya duba ka, kada ka ƙara ko kwana ɗaya."

"Zan zo. Saleh kuwa, babu shi, ƙirƙirarsa na yi."

"Na sani."

"To me ya hana ki cewa ba ki san shi ba?"

Ta yi murmushi. "Wanda ya zo da wanda bai zo ba, Baba, shi ma sirri ne."