Ƙwayoyin Marigayi da Aman da Aka Ce Maita Ce

Ina gaishe ku, mata 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ni ce Maman Ishaya ta Karmo. Ban san baƙi ba, Nas Saratu ce take rubuta abin da nake faɗi.

Bara Ubangiji ya ɗauke mijina. Shekara arba'in muna tare. Wayyo, Baban Ishaya! Har yau in na tuƙa tuwo sai in ga na kwashe malmala biyu.

Ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa, ƙafafunsa suka kumbura. Ya bar ƙwayoyin asibiti cike da leda. Mu kuwa ba ma zubar da magani, sai mu adana don wata rana. Da na ga tawa ƙafar ta ɗan tasa, na ce ai ciwon ɗaya ne. Na shiga sha safe da yamma. Ban ɓoye muku ba, in na riƙe ledar nan ji nake kamar hannunsa na riƙe.

Sai tashin zuciya. Sai amai. Ko kunu na kurɓa ya dawo. Komai na duba rawaya-rawaya.

Na je wurin wani mai kemis a bakin kasuwa, wanda yake sa farar riga ana ce masa dakta. Dakta! Mutumin da bai tambaye ni ko me nake sha ba. Ya zubo ƙwayar tsayar da amai ya ce, "Mama, haɗiye bibbiyu." Kwana biyu wuyana ya karkace, harshena ya zazzalo waje.

Ɗanjuma, ƙanin mijina, ya tara mutane a tsakar gidana. Shi da bai taɓa kawo wa yayansa ko lemo ɗaya a asibiti ba! Amma tun da Abuja ta fara cika, fili ya yi daraja, ƙafarsa ba ta ɗauke daga ƙofata ba.

Ya ce, "Ku dubi matar Yaya! Naman da ta ci take amayarwa. Mayya ba za ta zauna mana a gida ba."

Na ja jiki zuwa ɗaki, na durƙusa da ledar a hannu. Baki ba ya buɗuwa, a zuci na ce, "Yesu, in mutuwa ce na yarda. Amma kada in mutu da sunan na cinye mijina."

Ban tashi ba Saratu ta yi sallama, ta zo duba ni daga zumuntar mata. Ta karɓi ledar ta karanta.

"Mama! Wa ya ba ki wannan?"

Na nuna mata hoton marigayi.

A asibiti likita ya ce amai ba ya zuwa haka kawai, akwai abin da ke tayar da shi, nawa kuwa maganin zuciyar ne ya taru a jikina. Karkacewar wuya kuma aikin ƙwayar mai farar riga ce. Suka hana ni duka biyun, suka yi mini allura da ƙarin ruwa. Wuya ya miƙe, amai ya tsaya. Haleluya!

Ranar da na dawo na tarar da Ɗanjuma yana auna filina da igiya. Na shimfiɗa tabarma a kan igiyar, na ci tuwo da miyar kuka har na suɗe kwano. Na ce, "Ɗanjuma, tsaya ka ga ko zai dawo." Ya naɗe igiyarsa ya fita.

Godiya ga Ubangiji da ya wanke sunana. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kada kuma ku sha maganin wani, ko da na wanda kuke kuka dominsa ne. Amin.