Tsinin Gora a Bakin Rafi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni mai tallan nono ce a Keffi, rugarmu na hanyar Garaku.

Mijina ya rasu ya bar wa yarana saniya ɗaya. Ƙaninsa ya ce in ba shi, na ƙi. Sai ya je rafin da take shan ruwa, ya sassare gora a karkace, ya bar tsini, ya rufe da ganye. Da ta gangara ta zame, tsinin ya farke mata ciki. Dole aka yanka ta.

Da na tunkare shi, cewa ya yi, "Matar Yaya, ai ko banza marayu sun ci nama."

Masu sauraro, yaya zan yi da mutumin nan? Har yau Baffa yarana ke kiransa.